Ruwan da Ya Kwana a Ɗakin Malam

Ɗakin mahaifina ya fi kowane ɗaki duhu a gidanmu, shi ya sa na zaɓe shi. Haka na faɗa wa mutanen gida, kuma ban yi ƙarya ba. Soro ne na ƙasa, da taga guda ɗaya wadda ba ta fi faɗin allo ba, tana kallon kanal ɗin ban-ruwa da ya bi ta bayan unguwarmu ya nufi gonakin Bunkure. In ka toshe tagar da kwali ka ja ƙofa, ko da rana tsaka ba ka ganin tafin hannunka. Aikin da na zo da shi duhu yake so. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, shekara biyu da rasuwar Malam ban taɓa taka ɗakin nan ba, kuma na daɗe ina neman dalilin da zai shigar da ni ba tare da an ce na zo neman wani abu ba.

A lokacin ina koyar da fiziks a wata sakandare, ina kuma karatun digiri na biyu. Sai aka shiga yajin aiki a jami'a, aka rufe ɗakunan gwaji, kowa ya kama gabansa. Malamar da ke duba aikina, wata dattijuwa mai faɗa wadda ta tsani zaman banza, ta kira ni gidanta ta ba ni aron kaya a kwalin taliya: 'yar fitilar lesa mai jan haske, gilasai biyu masu tace haske, bututun gilashi mai tsawon taƙi guda, da wata shuɗiyar jarka cike da tsantsar ruwan da aka tace a ɗakin gwaji. Ta ce in tafi ƙauyenmu in yi aiki, tunda can ne ruwan da nake ta yi mata surutu a kansa yake.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa ta kowace fuska. Gilashin da na ce yana tacewa ba ya barin komai ya wuce sai hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya, kamar yadda faifai ba ya shiga tsakanin ƙarafan taga sai ka tsayar da shi daidai da su. In ka jera gilasan biyu, ka juya na biyun ya gitta na farko, hasken ya mutu ke nan. To sai ka sa bututun cike da ruwa a tsakaninsu, ka kewaye shi da naɗin wayar tagulla, ka ba ta wuta daga batir. Wayar ta zama maganaɗisu, maganaɗisun ya ɗan murɗa hasken da ke ratsa ruwan, sai wani ɗan abu ya samu hanya ya kuɓuce ta gilashi na biyu. Jan ɗigo ya fito a jikin farar takarda. Ka juya gilashin a hankali har ɗigon ya sake mutuwa, ka duba digiri nawa ka juya, ka rubuta. In ka sauya kan batir, murɗawar ta koma ɗaya ɓangaren. In ka cire wuta kuwa babu komai, domin tsantsar ruwa ba ya murɗa haske da kansa. Wannan magana ta ƙarshe na sha rubuta ta a allon aji, ina ja mata layi biyu a ƙasa.

Niyyata in fara auna tsantsar ruwan ya zama ma'auni, sannan in bi ruwan kanal, da na rijiya, da wanda ya ratsa gonakin tumatir ya kwaso taki, in ga ko akwai bambanci. Naɗin wayar wani mai gyaran injin ban-ruwa a Kura ne ya yi mini. Ya tambaye ni ina injin da za a sa wa. Na ce babu inji, haske zan murɗa. Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa, ya ce, “To, Allah ya ba da lafiya.”

Sai na faɗi abin da ke tsakanina da Malam, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba.

Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari da gaske. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka raɗa shi. In tana so in ci abinci sai ta fuskanci bango ta ce, “A gaya wa wancan abinci na hucewa,” alhali daga ni sai ita a tsakar gida. Malam ma bai cika yi mini doguwar magana ba. Yana da makarantar allo a zaure, yana da gonar albasa a bakin kanal, kuma kowa ya ɗauka ni zan gaje shi. Da na bi boko bai hana ni ba. Abin da kawai yake yi, duk lokacin da zan tafi jarrabawa sai ya rubuta allo, ya wanke, ya miƙo mini a kofinsa na silba in sha.

Ranar da zan tafi jarrabawar ƙarshe ta digirin farko, kaina ya riga ya cika da iska. Malam ya miƙo kofin a zaure, ƙaninsa Baffa na zaune, ga maƙwabta biyu. Na ce, “Malam, ai tawada ce da ruwa. Ni karatu na yi.”

Ba wanda ya yi motsi. Malam ya ɗan jima riƙe da kofin a miƙe, sannan ya janye hannunsa, ya yi bisimilla ya shanye da kansa, ya kife kofin a kan buzu. Daga ranar, in na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Shekara uku muna haka. Abin da ya fi cin raina shi ne ban iya gane ko fushi ne ko kunyar nan ce ta da, domin shirun iri ɗaya ne. Kullum ina cewa in na zo hutu zan durƙusa in nemi gafara, kullum girman kai ya riƙe mini gwiwa. Ya rasu da asuba ina can garin da nake karatu, kafin in iso har an dawo daga maƙabarta. Kowa ya samu ya ji “na yafe maka” daga bakinsa a kwanakin jinyar, ban da ni. Bayan nan ban ƙara yin kwana uku a jere a gida ba.

Wannan karon na zo da shirin zama. Lokacin bazara ne, tumatir ya zo ƙarshe, ana ta shanya yankakke a gefen titi, zafi kamar ya dafa mutum. Na sauke kaya a tsakar gida, na ɗaga shuɗiyar jarkar sama yadda kowa zai gani, na ce da ƙarfi, “Ruwan nan nawa ne. Kada wanda ya taɓa shi, ko da hannu.” Yaran Baffa nake nufi, masu ɓarna kamar awaki. Inna tana tsintar shinkafa a bakin ƙofarta, ba ta ko ɗago kai ba. Baffa, wanda yanzu shi ke riƙe da makarantar, ya ba ni makullin ɗakin, ya ce in yi a hankali da littattafai.

Ranar farko komai ya tafi daidai. Na jera kayan a kan wani dogon benci, na toshe taga, na cika bututu da mazurari a ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Na juya gilashi har ɗigon ya mutu murus, na sa alama da biro a wurin. Na haɗa batir, sai ga shi ya fito, ja, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar barkono. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Kusan rabin digiri na samu, kuma abin da littafi ya ce in sa rai da shi ke nan. Da na gama na fito da bututun na juye ruwan a kan dutsen da Malam yake zama ya yi alwala, nan bakin ƙofar ɗakin, gindin wani ɗan lalle. Na kulle ɗaki na sa makulli a aljihu.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya wurin mai shayi, na biya na karɓo batir daga inda na kai caji, sai da hantsi na shiga ɗakin. Na cika bututu da sabon ruwa daga jarka, na kunna fitila. Gilashi na nan a kan alamar jiya. Batir na ajiye a ƙasa, ko wayarsa ban kwance ba. Amma akwai ɗigo a jikin takarda.

Dishi-dishi ne, sai ka kau da ido ka dawo za ka gan shi. Na ce to, na bugi benci jiya ban sani ba. Na juya gilashin hagu kaɗan, ya mutu. Na yi aikina na tashi.

Rana ta uku ɗigon ya fi na jiya haske. Rana ta huɗu ya fi na rana ta uku. Kullum hagu, kullum sai na ƙara juyawa kafin ya mutu. Na zargi komai. Na zargi fitilar, na bar ta ta huce na sake kunnawa. Na zargi benci, na danne shi da tubali. Na cire bututun gaba ɗaya, takarda ta yi baƙi ƙirin. Na mayar da shi, ɗigon ya dawo yana kallona. Na haɗa batir na sauya kansa, murɗawar maganaɗisu ta yi dama ta yi hagu yadda aka san ta, amma wannan ɗayar tana nan a ƙarƙashinta, ba ruwanta da batir. Kamar akwai wani maganaɗisu a ɗakin wanda ba na gani, kuma ba abin da yake kamawa sai ruwan. Na lalubo kamfas ɗin da Malam yake duba alƙibla da shi in ya yi tafiya, yana cikin aljihun gafakarsa, na zagaya da shi kusurwa-kusurwa. Allurar ba ta ko girgiza ba.

Na san sukari da danginsa suna murɗa haske ba tare da maganaɗisu ba, ɗan ajin farko ma ya san wannan. Tunanin ya zo mini tun rana ta uku na kore shi. Ni na ɓalle murfin jarkar da hannuna, ni nake kulle ɗaki, makulli ɗaya ne kuma yana aljihuna. Ta ina sukari zai shigo?

A ranar ta huɗun ne na fara jin ƙamshin. Ruwan wardi, da wani abu a bayansa mai ɗumi-ɗumi, irin ƙamshin da ke tashi daga hannun rigar Malam in ya miƙo maka abu. Ranar da na buɗe ɗakin ƙurar littattafai kawai na shaƙa da warin jemage. Yanzu kuwa ina tura ƙofa yake tarar da ni. Na ce wa kaina zafi ne ke fito da shi daga tsofaffin takardu. Na faɗa da baki ma, da ƙarfi, a cikin duhun, sai na ji muryata ta yi mini wani iri.

Rana ta biyar na fito da bututu zan juye, na tarar da dutsen alwala baƙi da kiyashi. Sun yi layi tun daga gindin katanga, sun lulluɓe daidai inda Malam yake ɗora ƙafarsa. Shekara biyu dutsen nan a bushe, ko kaza ba ta kula shi. Na koma ciki na ɗaga jarka, sai na ji nauyinta kamar ranar da na zo da ita. Kwana biyar ina ɗiba. Na haska da wayata na ja layi a jikinta daidai inda nake jin ruwan ya tsaya. Da la'asar ya sauka ƙasa da layin. Da hantsin washegari ya koma kansa, har ya ɗan haura.

Zan faɗi gaskiya, na tsorata. Na san mamaci ba ya dawowa, addini ya faɗa, boko ya faɗa. Amma ka zauna kai kaɗai a ɗakin mutumin da ka kunyata a gaban ƙaninsa, rana tsaka kana jin injinan ban-ruwa suna ta kuka a waje, mata na daka, duniya na harkarta, kai kuma kana cikin duhu da ƙamshinsa, ga jan ɗigo yana ƙara girma kullum a inda ilminka ya ce ba zai fito ba. Abu mafi sauƙi shi ne in ɗanɗana ruwan, ko in tsaya in dube shi sosai a rana in na fito juye shi. A ɗakin gwaji an hana mu kai komai baki, da wannan na fake. Gaskiyar ita ce ba na son ruwan nan ya taɓa mini harshe. Dama tun da na zo ruwan leda nake sha a shagon bakin titi, yanzu abinci ma sai in tsakura in tashi. In na wuce ta ƙofar Inna da safe nakan ga allo a jingine yana bushewa a rana, ban taɓa kawo komai a raina ba. Gidan malamai ne, allo a jiƙe ba labari ba ne.

Rana ta shida na ɗebo ruwan rijiyar gidanmu na gwada. Babu komai, ɗigon ya mutu a kan alamar biro daidai. Na mayar da na jarka, ya fito. A nan ne na rasa yadda zan yi na kira Baffa.

Ya shigo yana salati saboda duhun, ya tsaya a bayana. Na nuna masa na rijiya, na nuna masa na jarka. Baffa mutum ne mai barkwanci, tun ina yaro yake ce mini bature, amma ranar bai yi dariya ba. Na ji yana jan hanci.

“Kai ka shafa turare?”

“A'a, Baffa.”

“To.” Ya sake jan hanci. “Shi wannan ruwan a nan yake kwana?”

“A nan yake kwana.”

“Kuma ka ce juyawa yake. Ta wane hannu?”

“Hagu.”

Ina jin ƙarar carbinsa. Can ya ce, “Ni dai ban ce komai ba, ɗana. Amma kai ka san abin da ka bari ba ka yi ba. Ka kwashe ƙarafan nan daga ɗakin bawan Allah, ranar Juma'a in sa a yi masa sauka.” Ya fita da baya-baya, bai juya wa takardar ƙeya ba.

Maganarsa ita ce wadda nake gudun in faɗa wa kaina. Malam ya tafi da fushina, kuma ba ya so na a ɗakinsa. Rana ta bakwai ban iya yin aikin kirki ba. Na kunna fitila, na ga ɗigon, na kashe na fito. Na hau gefen kanal inda waya ke samun sabis, na kira malamata, na zayyana mata komai ban da ƙamshin da kiyashin, don ina jin kunya.

Ko gama saurare ba ta yi ba. Ta ce, “Sukari ne, ko ɗan'uwansa. Wani ya taɓa maka ruwa.”

“Ranki ya daɗe, makullin yana aljihuna.”

“To aljihun naka ne ke da sukari. Kai malamin fiziks ne ko mai duba? Ka zubar da shi duka, ka wanke jarkar, ka zo ka karɓi wani.”

Na ji haushi, amma na ji sanyi kuma, don an ba ni umarni. Na ƙudura gobe in yi awo na ƙarshe saboda in rubuta a littafi, in zubar da ruwan, in kwashe kayana in koma inda na fito. In Malam ba ya so na a ɗakinsa, to na ji, na tafi.

Rana ta takwas da hantsi na cika bututu na ɗora a mazauninsa. Ɗigon ya fito jawur, ya fi na kullum. Ban ma tsaya aunawa ba. Na sunkuci jarkar na fito tsakar gida, rana ta kashe mini ido, na tsaya a kan dutsen alwala na kifa ta gaba ɗaya.

Sai da ya kusa ƙarewa idona ya washe na ga launinsa. Ba fari ba ne. Rawaya-rawaya ne, yana sheƙi, yana ɗan yauƙi a bakin jarka. Ƙamshin wardi ya tashi ya cika gidan, da zuma a bayansa. A daidai lokacin na ji an kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi. Muryar na san ta, amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan kalmar ba, shi ya sa na waiga wajen ɗakin Malam tukuna. Inna ce. Tana tsaye a bakin ƙofarta, ƙwaryar da ke hannunta ta faɗi, ta toshe bakinta da tafi biyu kamar wadda ta yi saɓo. Ƙasa ta riga ta shanye ruwan. Abin da ya rage a jarka bai fi ɗigo uku ba, su ma suka bi sahu ina kallo.

Ta shiga ɗaki ta fito rungume da alluna. Ta zo ta jera su a jikin bango ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai, duka a wanke fes, na ƙarshen bai gama bushewa ba. A wuyanta, a igiyar da take rataye makullin akwatinta, na ga wani makulli irin nawa sak. Ban taɓa tunanin Malam yana da na biyu ba. Ta zauna a ƙasa ta ba ni gefe, ta yi magana tana kallon dutsen.

“A satin da zai rasu ya yi su. Kullum ɗaya. Hannun na rawa, sai na riƙe masa allon. Ya ce in wancan ya dawo ya zauna a gida, a ba shi, kwana bakwai a jere, da safe. Ya ce kada a matsa masa.”

Na durƙusa a gefenta, ta ci gaba.

“Ni ina zan iya miƙa masa kofi? Kuma na san abin da ya faru a zaure. Da na ga ya zo da ruwan shansa daga birni, ya ce kada a taɓa, ba ya kuma zuwa randa, sai na ce to Allah ya kawo hanya. In ya tafi masallaci in wanke ɗaya, in tace, in zuba masa. Kullum in duba in ga ya ragu, in ce alhamdu lillahi yana sha.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Yau na zuba na bakwai.”

Na ce, “Inna, ai rubutu baƙi ne. Wannan rawaya ne.”

“Da za'afaran ya yi, da ruwan wardi. Sai da aka je har birni aka nemo. Ya ce yaron ya ce ba ya son tawada.”

Ban san lokacin da na dafa ƙasa ba. Jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa tafin hannu, kiyashi har sun fara taruwa. Rubutun hannunsa na ƙarshe, allo bakwai, ban ga ko wasali ɗaya a ciki ba. Kwana bakwai ina auna shi da gilashi ina rubuta lamba, ina jin tsoronsa, ina juye shi a ƙasa da hannuna.

Na tambaye ta abin da shekara biyu nake son tambaya. “Ya ce ya yafe mini?”

Ta girgiza kai.

“Bai ce ba. Ni ma ban tambaye shi ba. Ya dai ce a sa zuma da yawa, wai wancan tun yana ƙarami ba ya son abu mai ɗaci.”

Zumar ce ta murɗa hasken. Da Malam bai ce a sa ta ba, da ɗigon bai fito ba, da na gama awona lafiya na ƙarar da ruwan a kan dutse kaɗan-kaɗan, na koma birni ban san komai ba har in mutu.

Sai na tuna da bututun.

Na tashi na shiga ɗakin na ja ƙofa. Fitilar na nan a kunne yadda na bar ta, jan ɗigon na zaune a tsakiyar takarda. Na tsaya na dube shi sosai, karo na farko ba tare da gabana ya faɗi ba. Ban taɓa gilashin ba, kuma har yau shafin ranar a littafina babu lamba. Na laluba kan kantar littattafai na samo kofin silba, a kife, na goge shi da bakin rigata. Na ɗauko bututun da hannu biyu kamar jariri, na kwance murfinsa, na juye a hankali. Ko rabin kofin bai kai ba.

Na tsuguna na fuskanci gabas, na yi bisimilla, na sha. Zaƙi har ya yi yawa, Inna ba ta yi wa zumar rowa ba. Na zuba ɗan ruwan rijiya na ɗauraye bututun na shanye, na ɗauraye kofin shi ma na shanye.

Na mayar da bututun mazauninsa ba komai a ciki. Takardar ta yi baƙi, ɗigon ya mutu daidai kan alamar biro. Na zauna a ƙasa a duhun nan, kofin a hannuna, na yi kukan da ban yi ba ranar da na tarar an dawo daga maƙabarta. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Sai can na ji Inna a tsakar gida, muryarta a dishe, tana gaya wa bango a faɗa wa wancan abinci na hucewa.